Kurakuran da aka fi yi wajen gane saiwoyin jijiyoyin kai

Babban kuskuren ɗalibi a ɗakin fiɗa shi ne ya riƙe zanen littafi kamar doka. Tun 1778 Sömmerring, wani likita Bajamushe, ya lissafa jijiyoyin kai goma sha biyu a kowane gefe, amma yawan zaren da kowacce ke fitowa da shi daga tushen ƙwaƙwalwa ya bambanta tsakanin mutane, har hagu da dama ma sukan saɓa. Kada ka yanke hukunci da ƙirgen zare. Bi jijiyar a hankali har kafar da za ta fice daga ƙoƙon kai, don kafar ba ta cika sauyawa ba.

Ta shida, mai juya ido waje, a wasu mutane biyu take fitowa, wani lokaci da jijiyar jini a tsakani. Sai ɗalibi ya laƙa wa zare ɗaya sunan ta bakwai, mai motsa fuska. Ta shida tana kusa da tsakiya, ta nufi mashigin Dorello, wata 'yar hanya a gindin ƙoƙon kai. Ta bakwai tana can gefe, ta shiga kafar kunne ta ciki tare da ta takwas, wato jijiyar ji. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar jijiyar Wrisberg, mai ɗauko ɗanɗanon gaban harshe da tsinko hawaye. Takan fito da zare ɗaya zuwa huɗu, kuma sau da yawa manne take da ta takwas, ko da yake ta bakwai ce uwar gidanta. Wanda bai san haka ba zai rantse babu ita.

Ta huɗu kuwa, wadda ita ma ido take motsawa, kada a yi garajen rubuta cewa an haifi mutum ba ita. Ita ce mafi siranta, ita kaɗai ke fitowa ta bayan tushen ƙwaƙwalwa, kuma yawanci wajen ciro ƙwaƙwalwa take tsinkewa. Nemi guntunta a bakin tantanin da ya lulluɓe ƙaramar ƙwaƙwalwa.

Ta sha biyu, mai motsa harshe, zarenta kan taru kashi biyu, kowanne ya huda tantanin ƙwaƙwalwa a wuri daban, a wasu kawuna ma ƙashi ya raba kafar gida biyu. Jijiya ɗaya ce. Ana kuma rikita ta sha ɗaya, mai motsa wuya da kafaɗa, da saiwar jijiyar wuya ta farko, don sukan haɗe. Bi jijiyar zuwa sama, in ta shiga babbar kafar ƙeya, ta sha ɗaya ce.