Yadda za ka gane faifan DVD ya karce ne ko kariya aka sa masa

Kana kwafar faifai a kwamfuta, sai aikin ya tsaya cak a tsakiya. Kafin ka ɗora wa na'ura laifi, gwada waɗannan:

1. Juya faifan ka duba shi a haske. In ka ga sawun yatsu ko maiƙo, goge da kyalle mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki. Kada ka goge a zagaye, karcen da ya bi layin bayanai shi ya fi ɓarna.

2. Saka shi a na'urar DVD ta talabijin. Idan ya nuna lafiya lau har ƙarshe amma ya ƙi kwafuwa, to galibi kariya ce, wato tsarin da aka sa wa faifan don hana kwafarsa. Tsarin ARccOS na Sony, alal misali, da gangan yake cusa gurɓatattun sassa cikin faifan. Na'urar kallo tana tsallake su, ita kuwa manhajar kwafa sai ta nace sai ta karanta komai, a nan ne take maƙalewa.

3. Duba lambar yanki a bayan kwalin, wato lambar ɓangaren duniyar da aka yi faifan dominsa, don in ba ta dace da ta na'urarka ba zai iya ƙin buɗewa: 1 ta Amurka da Kanada ce, 2 ta Turai da Japan. Hattara, yawancin na'urorin karanta faifai na kwamfuta sau 5 kacal suke bari a canza yanki.

4. In kariya ce, binciki dokar ƙasarka tukuna. A Amurka dokar haƙƙin mallaka ta DMCA ta 1998 ta hana karya irin wannan kariya.