Layin Waya da Tauraron Ɗan'adam: Abin da Baƙo Zai Fara Sani a Accra

Ɗan'uwa, idan ka sauka a Accra, wadda dattawan zango ke kira Ankara, abin da zai fara damunka shi ne yadda za ka ji muryar gida. Manyan kamfanonin waya uku ne: MTN, da Telecel wanda a da ake kira Vodafone, da AT wanda ya gaji AirtelTigo. Rajistar layi tana tafiya ne da katin shaida na Ghana Card, kuma akwai irinsa na baƙi, saboda haka kada ka karɓi layin da aka yi wa rajista da sunan wani, domin kuɗin MoMo, wato asusun ajiya da aika kuɗi ta waya, da ke cikinsa a hukumance na mai sunan ne.

Shawarata ita ce ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta tsaya a yawancin gari, masu aika kuɗi suka yi cirko-cirko a bakin rumfunan wakilan MoMo. Ranar ce da yawa daga cikinmu muka gane cewa turakun sadarwa da muke gani a unguwannin Nima da Madina ba da sama suke magana ba, da waya aka ɗaure su a ƙasa da cikin ruwa. Tauraron ɗan'adam yakan shigo ne ta baya, a inda jan waya ke da wuya: turken ƙauye ya karɓi kiranka, ya miƙa shi sama, a sauke shi a wata tasha, kai kuwa ba ka san an yi ba.

Starlink, mai sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Ghana a watan Agusta na 2024, bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ba ta izini. Taurarinta suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, alhali tsofaffin taurarin sadarwa suna kilomita 35,786, shi ya sa magana ba ta jinkiri kamar da. Amma farantin Starlink yana son sarari a buɗe, abin da ke da wuya a lungunan Nima inda rufin kwano ke haɗe da na maƙwabci, yana son wuta a garin da ya san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan rage masa gudu. Wanda ya taho da nasa daga Najeriya ya bincika batun rajista tukuna, domin asusun yana ɗaure da ƙasar da aka buɗe shi.

Haɗa wayar hannu kai tsaye da tauraro kuwa, an shigar da shi cikin ƙa'idojin 5G a 2022, kuma kamfanin waya na T-Mobile ya fara sayar da shi a Amurka a 2025. Sai dai al'amari ne na yarjejeniyar kamfanoni da izinin hukuma, ba na wayar kaɗai ba. Idan mai shago a Circle, wurin da ake hada-hadar wayoyi a Accra, ya ɗaga maka waya ya ce tana kama tauraro ko'ina, ka tambaye shi da layin wane kamfani za ta kama a nan Ghana, ka jira amsarsa kafin ka ciro kuɗi.