Yadda Nake Liƙe Ƙasan Takalmi Idan Ya Ɗage

Sau uku ina liƙe takalmi guda da Super Glue kafin na gane ba takalmin ne mai laifi ba. Shi wannan gam, wanda Harry Coover ya ci karo da sinadarinsa a 1942 aka kuma fara sayar da shi a 1958, danshi ne ke sa shi kamawa, shi ya sa yake haɗe yatsu nan take. Amma da ya bushe sai ya ƙame kamar gilashi, ƙasan takalmi kuwa kowane taku sai ya lanƙwasa. Kwana biyu ya tsage.

Gam ɗin da ya dace shi ne mai ruwan ɗorawa ɗin nan mai yauƙi, na masu gyaran takalma. Galibinsa roba ce, irin niyofirin da masanan kamfanin DuPont suka ƙirƙiro a 1930, aka narkar da ita cikin sinadari mai saurin tashi. Ko ya bushe yana lanƙwasuwa tare da takalmin.

Ka fara kankare tsohon gam tas da wuƙa, ka goge ƙura, ka bari wurin ya bushe. Sannan ka bi fuska biyun da sanfefa har sai sheƙin ya mutu. Kada ka tsallake wannan. Ɗanyar roba tana da danƙo, amma tun da Charles Goodyear ya gano gasa ta da farar wuta a 1839, robar da ke ƙafarmu ta zama mai ƙarfi da santsi, gam ba ya samun wurin riƙewa sai ka yi mata kaushi.

Yanzu ka shafa gam siriri a kowane ɓangare, sama da ƙasa, har cikin lungu. Ni da tsohon buroshin haƙori nake yi. Lafta shi da yawa ba ya ƙara komai sai ɓata lokaci.

Sai ka ajiye su a buɗe. Nan ne yawancinmu muke ɓata aikin, don hannu ƙaiƙayi yake yi a haɗa. Idan ka haɗa da ɗanyensa, ka kulle sinadarin a ciki, ba zai kama ba. Ka ba shi minti 10 zuwa 15, ka taɓa da bayan yatsa: in yana ɗan riƙewa amma bai biyo yatsan ba, ya yi. Kuma a wuri mai iska, nesa da wuta, don tururinsa na kama wuta, yana kuma sa ciwon kai.

Ka daidaita da kyau tun daga farko, domin da sun taɓa juna babu sauran gyara. Ka fara daga ciki ka fito baki, ka matse, ka bubbuga da guduma. Ni nakan cusa tsumma a cikin takalmin, in ɗora masa ƙafar tebur, ba na sa shi sai bayan awa 24.