Darasi na 7: Idan Barci Ya Ƙaurace wa Mace a Shekarun Ɗaukewar Al'ada

Yawancin mata suna daina ganin jinin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ana cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Amma tun da sauran shekaru jiki yake fara canzawa: jinin ya zo wannan wata, ya tsallake wancan. A nan ne barcin mata da yawa yake fara lalacewa.

Jikin mace yana yin wasu sinadarai biyu, istirojin da furojestaron. Su ne ke tafiyar da al'ada, kuma suna da hannu wajen daidaita zafin jiki da barci. Idan sun fara raguwa, sai dare ya yi tsawo.

Ga yadda abin yake zuwa. Tsakar dare zafi ya taso daga ƙirji, ya haye wuya da fuska. Zuciya ta riƙa bugawa, zufa ta jiƙe riga da matashi, ko da kuwa hunturu ake yi. Bayan 'yan mintuna sanyi ya biyo baya. Mace ta tashi ta canja zani, ta koma ta kwanta, ido kuma ya bushe har kiran assalatu. Da safe ga ciwon kai, ga mantuwa, ga saurin fushi da yara. Wasu su ce iska ce, wasu su ɗora wa kishiya. Baiwar Allah kishiya ba ruwanta, aikin jiki ne.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Don ki samu kusa da haka, fara da rage goro. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci, kuma yana daɗewa a jiki awanni da yawa. Ki bar su daga azahar. Ki rage yaji da tuwo mai nauyi da dare. Ki kwana da tufar auduga mara nauyi, ki ajiye ruwan sha da wani zani kusa da gado. Ki tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Idan barcin ya ƙi zuwa, tashi ki zauna, ki ja carbi ko ki yi wani abu mai sanyaya rai, sai kin ji gyangyaɗi ki koma. Waya kuwa a ajiye ta.

Wasu alamun ba na gida ba ne, na asibiti ne. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke tsayawa, mace ta farka tana haki, yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada, kuma yana da alaƙa da hawan jini. Maigida ko wadda kuke kwana ɗaki ɗaya ce za ta fara lura, ki tambaye su. Idan kina jin kamar kiyashi na yawo cikin ƙafafunki da dare sai kin motsa su, a duba jininki, don yakan zo da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Zufar dare tare da rama da tarin da ya wuce mako 2 tana bukatar gwajin tarin fuka. Yawan fitsari da ƙishirwa, a auna suga. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ne, a je asibiti ba jinkiri.

Kada ki sayi ƙwayar barci irin su diyazefam a kemis. Jiki yana sabawa da ita, dainawa ta yi wuya, kuma tana sa jiri da faɗuwa. Akwai maganin da ke rage zafin nan da zufa, amma ba kowace mace ya dace da ita ba, likita ne zai tantance.

Aikin gida: har mako ɗaya, ki rubuta lokacin da kika kwanta, sau nawa kika farka, da abin da ya tashe ki. Ki zo aji da takardar, kuma ki tafi da ita ranar ganin likita.