Yadda zaka zaɓi keken doguwar tafiyar tara taimako a hanyar burji

Wani ƙanina ya zo min da maganar wai shi da abokansa zasu tuƙa keke daga Kano zuwa Jos don tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse a ƙauyensu, mutane sun yi alkawarin bada wani abu a kan kowace kilomita. Ya nuna min hoton keken da yake son saya a waya, ja ne mai sheƙi da shokozoba gaba da baya, nace masa ajiye wayar nan tukunna mu yi magana. Tafiyar nan kusan kilomita 300 ce kuma hawa ne, Kano bata kai mita 500 a saman teku ba, Jos kuwa ta kai wajen 1,200, ga shi sun ce wani wurin zasu saki kwalta su ratsa ta ƙauyuka. Abin da na faɗa masa shi zan rubuta a nan.

Da farko ka san hanyar kafin ka san keken. Tambayi direbobin tasha da ƴan acaɓan yankin, su suka san inda yashi yake da inda gargada take da inda ruwa ke cinye hanya da damina. In kwalta ce zalla keken tsere mai siririyar taya ya isa, amma da zarar akwai burji da tsakuwa to ka manta da shi kawai, keken hawan dutse zaka nema. Tsohon keken nan na su Baba, Raleigh ko Phoenix mai taya inci 28, wallahi ƙarfi kam ba a magana, buhun masara ma yana ɗauka, sai dai nauyinsa ya kai kilo 20 kuma giya ɗaya gare shi, a hawan Filato turawa zaka yi ta yi.

Na biyu kuɗi. Tafiyar taimako ce, bai kamata keken ya cinye abin da ya fi wanda za a tara ba, mutane suna kallo. Gwanjo mai kyau ya fi sabo mai arha nesa ba kusa ba. Irin masu shokozoba biyun nan na arha ado ne kawai, nauyi gare su kuma duk taka feda ɗaya sai keken ya lotsa ya shanye maka ƙarfi. Nemi mai shokozoba a gaba kaɗai, ko ma wanda bashi da ita sam in dai tayar mai kauri ce.

Sai bodi. Na ƙarfe ya fi nauyi amma in ya tsage duk mai walda na bakin hanya zai ɗinke maka, na alminiyam ba nauyi kuma baya tsatsa sai dai ba kowa ke iya waldarsa ba, na kabon kuwa, wato bodin da aka yi da zaren kabon mara nauyi, bar shi ga masu gasa, in ya fashe shikenan. In gwanjo ne ka goge ƙurar da tsumma ka bi duk mahaɗa da ido, musamman ƙarƙashin wuyan keken da wajen da feda ke shiga. Ka ga fenti ya yi tsaga kamar gashi ko ya tattare, to keken ya taɓa cin karo, wuce shi ko da mai kayan yana ta rantsuwa.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa, wato girman keke. Keke kamar takalmi ne, wanda ya matse ka a kilomita 5 ba zaka ji ba sai a ta 60. Tsaya ka raba ƙafa a kan sandar tsakiya ƙafafunka biyu a ƙasa, ya zama akwai sarari kamar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da sandar. Sannan ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, kaga idan ka maida tafin gaba gwiwa zata ɗan lanƙwasa kaɗan, daidai kenan. In sai ka miƙa jiki kamar mai ɗauko abu a kan katanga kafin ka kamo kan keken to ya maka tsawo, wuya da ƙugu zasu gaya maka a rana ta biyu. Ni na taɓa yin wannan kuskuren, na ari keken wani dogon abokina saboda yafi nawa kyau, kafin la'asar yatsuna biyu sun mutu bana jin su, kwana uku ko cokali da ƙyar nake riƙewa. Kuma kar sirdi mai laushi kamar katifa ya ruɗe ka, a doguwar tafiya shi yake goge cinya, mai ɗan tauri wanda ya dace da faɗin zamanka ya fi.

Taya kuma, a nan zan ɗan daɗe. Kekunan hawan dutse suna zuwa da taya mai girman inci 26 ko 27.5 ko 29. Ta 29 ta fi haye ramuka da daɗi gaskiya, amma ka tambayi kanka in ta yage a wajen Saminaka ina zaka samo wata? 26 ta fi yawa a hannun masu gyara, ni ita zan ɗauka. Faɗinta ya kai inci 2 ko sama kaɗan, mai ƙananan haƙora a tsakiya don kar ta riƙe ka a kwalta. Kar ka bata iska ta yi tauri kamar dutse, a burji tayar da ta ɗan sassauta ta fi kama ƙasa kuma bata jijjiga ka, amma in ta yi laushi da yawa dutse zai matse tub da rim ya huda shi wuri biyu. Babban maƙiyinka shi ne tsidau, ƙayar nan mai kwanciya a gefen hanya, sau ɗaya zaka sauka kwalta ka kwashi uku. Ka duba bawul ma, mai kauri irin na babur da mota shi kowane mai faci ke da bakin famfonsa, siririn nan na kekunan Turai sai ka yi ta yawo. Ɗaga keken ka juya ƙafar ka gani ko tana rawa, ka matsa sifok bibbiyu da hannu, sifok 32 ko 36 ake so a kowace ƙafa kuma kar a samu sakakke.

Giya ba yawanta ake kallo ba, mai saye sai yaji an ce 21 ko 24 ya fara murna. Abin dubawa shi ne mafi sauƙin cikinsu, ƙaramin faranti na gaba mai haƙora 22 ko 24 da babban na baya mai 32 ko 34, da wannan zaka hau tudu a zaune da kaya a baya. In ka ga sunan kamfanin Shimano a jikin giyar an fi samun kayan gyaransa. Ja sarƙa daga jikin farantin gaba, in ta ɗago har ka hango haƙori to ta gama aiki, a canza kafin a tashi.

Birki na faifai ya fi kamawa a laka da gangara, amma ɗauki mai waya, mai amfani da mai in ya zube a daji ba abin da zaka iya. Birkin roba na da ma ba laifi in rani ne.

Ka tabbata akwai ramukan ɗaura kariyar ɗaukar kaya a baya da wajen gorar ruwa biyu, kaya a kan keke ake ɗorawa ba a gadon baya ba. Tub biyu, kayan faci, ƙaramin famfo, alanki, wayar birki ɗaya, fitila da hular kwano, waɗannan ka lissafa su cikin kuɗin keken tun farko.

Kar ka sayi keke ana jibi tafiya. Ka bashi wata guda aƙalla, ka ɗaura masa duk kayan da zaka tafi da su ka yi kilomita 50 a hanya mara kyau, washegari ka sake yi ko da jiki na ciwo, a nan duk notin da zai kwance zai kwance kuma duk inda zai dame ka zai nuna kansa. Sai ka kai wa bakanike ya ɗaure sifok ya sa giris a boris. Ƙanin nawa dai ya dawo da wani tsohon mai bodin ƙarfe, fentin duk ya koɗe, yanzu yana tsakar gida yana koyon cire tayar baya da kansa.