Kafin ku kai koken kwatar layinku, ku san titin na wa ne

Shekara shida ke nan ina rubuta wa ƙungiyar layinmu takardun koke a nan Kano. Takardarmu ta farko mun kai ta ofishin da ba huruminsa ba ne. Aka karɓa da fara'a, damina ta zo ta wuce, ruwa yana kwana a zaurukan mutane. Tun daga nan ba na ɗaukar biro sai na tabbatar titin na wa ne.

Babbar hanyar da ta haɗa jiha da jiha, irin ta Kano zuwa Zariya ko Kano zuwa Katsina, ta gwamnatin tarayya ce, facin ramukanta kuma aikin FERMA ne, hukumar da aka kafa a 2002. Manyan titunan cikin gari galibi na jiha ne. Amma layin unguwa da kwatarsa da fitilunsa, kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su a Jadawali na Huɗu cikin ayyukan ƙaramar hukuma, har da raɗa wa titi suna da bai wa gidaje lamba. Idan kuwa wani ne ya ciyo hanya da gini, maganar KNUPDA ce, hukumar tsara birane ta jiha. Motar da ta tare titi maganar KAROTA ce, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, bola kuma ta REMASAB, hukumar kwashe shara.

Kada ku tsallake mai unguwa. Ku je da dattawa biyu, ku gaishe shi, ku ce "Ranka ya daɗe, ga halin da layi yake ciki." Sa hannunsa a ƙasan takarda ya fi na matasa hamsin nauyi. Daga nan sai kansila, shi ne zai iya shigar da maganar zaman majalisa.

Takardar kanta shafi ɗaya ya isa. A rubuta ta ga shugaban ƙaramar hukuma, a sa sunan layi da mazaɓa. "Muna cikin mawuyacin hali" ba ya gaya wa injiniya komai. Ku ɗauko tef ku auna: kwata mita tamanin ta rufta, kwalbati ɗaya ya toshe, gida goma sha biyu ruwa ke shiga. Ku haɗa da hotunan da aka ɗauka ana tsakiyar ruwan sama, don da rani kowace kwata lafiyarta ƙalau.

Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ku dawo da shi gida. Ku kai kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi, sannan mutum ɗaya ya riƙa leƙawa sashen ayyuka duk bayan mako biyu.

Sai abin da ba ma so a faɗa. Ranar da injiniya ya zo layinmu, bai fara da kwalbatin ba. Dakalin da ke ƙofar gidana ya nuna, wanda na zuba a kan kwata don shigar da babur. Daga bakin katangarka zuwa waje ba naka ba ne, ko da kai kake sharewa kullum. Haka fasa kwalta don jan famfo, sai da izini a rubuce. Washegari na kira birkila ya fasa dakalin, muka ɗora sulab ɗin da ake ɗagawa a yashe ƙasansa.