Yadda Ake Gyara Tsagewar Tsohuwar Sandar Fatsa ta Gora

Irin wannan sanda ana haɗa ta ne da tsagin gora 6 da aka manne da gam, kuma idan ta tsufa, danshi kan ci gam ɗin har mahaɗa ta buɗe.

Da farko a kankare tsohon fenti a hankali da reza. Kada a zurfafa, domin ƙarfin gora yana cikin jijiyoyin da ke dab da bayanta, kuma wanda ya cinye su da samfefa ya kashe sandar. Sannan a buɗa tsagar kaɗan da tsinke, a kakkaɓe busasshen gam, a shigar da sabo mai jinkirin kamawa har ya kai ƙarshen tsagar. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, don yana karyewa idan sandar ta lanƙwasa.

A ɗaure wurin tamau da zaren auduga, a goge rarar gam, a mirgina sandar a kan tebur don tabbatar da miƙewarta. Bayan awa 24 a kwance zaren, a shafa sabon fenti siriri. A Kaduna, lokacin hunturu, a shanya ta a rufaffen ɗaki saboda ƙura.